Kujerar Makka a Shekarar Yaƙi

'Yan uwana mata, bari in tuna muku 1991. Saddam ya mamaye Kuwait tun Agustan 1990, a Janairu wuta ta tashi, makamai masu linzami suna faɗawa Riyad da Dahran a Saudiyya. Masu adashin kujerar Makka fa hankali ya tashi, a biya ko a fasa? Alhali tsakanin Makka da Kuwait ya fi kilomita 1,000, ko ɗaya bai faɗa mata ba. Yaƙi ya ƙare a Fabrairu, aka yi Hajji a Yuni. Ni dai shawarata, kafin ki fasa tafiya ko ki ɗaure kaya, tambayi nisan wutar da inda iska take kaɗa ta. Allah Ya tsare hanya.