Banki: teburin ɗan canji da gaɓar kogi

Duk mai sauraren labaran duniya a rediyo ya sha jin ana cewa Gaɓar Yamma da Kogin Jordan. Da Ingilishi West Bank ake kiran wurin, kuma ɗan koyo na iya tsayawa ya tambaya wane banki ne aka gina a Falasɗinu har ake ta faɗa a kansa. Ba maganar kuɗi ba ce, bakin kogi ake nufi. Mu da muka yi karatun boko da Faransanci ba mu saba da wannan ruɗani ba, domin a can banque daban, rive daban. Ingilishi ne ya tara su cikin kalma guda, bank, kuma kowace ma'ana da hanyar da ta biyo ta shigo.

Wadda ta riga zuwa ita ce ta tudu da gaɓa. Mutanen arewacin Turai da ake kira Bayikin, waɗanda suka fara kai hari Ingila a shekarar 793 sannan suka zauna a gabas da arewacinta, su suka bar ta. Wajen shekarar 1200 an riga an fara rubuta ta da ma'anar ƙasa mai tudu. Daga nan ta bazu: gangaren da ke bakin kogi, tarin gajimare, har tudun yashi da ke ƙarƙashin teku, kamar Dogger Bank da ke tsakanin Ingila da Danmak. Jirgin sama ma idan ya karkata fiffike zai sha kwana, wannan kalmar ake faɗa.

Ta kuɗin kuwa sai da ta yi doguwar tafiya. A shekarar 568 wata ƙabilar Jamusawa, Lombard, ta shiga Italiya. Cikin kalmomin da Italiyanci ya aro daga harsunan Jamusawa akwai banca, wato benci ko tebur. A kasuwannin Florence da Venis da Jenowa, ƴan canji kan kafa irin wannan tebur su jera tsabar kuɗin ƙasashe daban-daban a kai. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai canjin naira da sefa a Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya ga abin da idonsa. Sannu a hankali mai tebur ya fara karɓar ajiya, yana ba da rance, yana rubuta takardar da ɗan kasuwa zai kai wani gari a biya shi. Sunan teburin ya koma sunan sana'ar. Gidan Medici ya buɗe bankinsa a 1397, an kafa Monte dei Paschi na Siyena a 1472, kuma har yau yana aiki. Faransanci ya ɗauki kalmar ya mai da ita banque, Ingilishi ya karɓa daga gare shi a ƙarshen ƙarni na 15, tun kafin a kafa Bankin Ingila a 1694. Har gobe a Landan akwai titin Lombard, inda ƴan kasuwar kuɗi na Italiya suka zauna. Girkawa ma kalma ɗaya gare su, trapeza, ga tebur da banki.

Abin da ya fi burge ni shi ne bankrupt, wato wanda bashi ya ci dukiyarsa. Asalinta banca rotta, karyayyen tebur. Samuel Johnson ya kawo a ƙamus ɗinsa na 1755 cewa ana faɗin idan ɗan canji ya kasa biya, sai a karya masa tebur. Labarin da daɗin ji, amma ni ban ga dole sai an ɗauko gatari ba. Bahaushe ma cewa yake wane ya karye, ko ya samu karayar arziki, alhali ƙashinsa ƙalau.

Akwai hanya ta uku, ita ma ta Faransanci: banc, bencin da matuƙan jirgin ruwa ke zama a jere suna tuƙi. Daga ita aka samu ma'anar jerin abubuwa iri ɗaya. Idan aka bi dukan ukun zuwa tushe, wuri ɗaya suke komawa, tsohuwar kalmar Jamusawa ta abin da ya ɗaga sama da ƙasa. Bench ma ƴar gidan ce, wadda muka aro muka ce benci. Ashe benci da banki ƴan uwan juna ne a bakinmu ba mu sani ba.

A ƙarni na 20 ma'anar ajiya ta fita daga kuɗi. A 1937 wani likita a Shikago, Bernard Fantus, ya raɗa wa ma'ajiyar jinin asibitinsu suna blood bank. Yau ga power bank a aljihun samari, ana ajiye wuta saboda ranar da aka ɗauke ta. Sai dai bankin da tela ke yi wa yagaggiyar riga ba ya cikin wannan dangi: shi namu ne, ya riga Bature zuwa.