Bala Miller: Mabushin Zazzau da Bai Shiga Sahun Makaɗan Fada Ba

Idan aka yi maganar busa a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa zuciyar ɗalibi shi ne kakaki da algaita da farai, wato kayan busar da suke tafiya da sarauta. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya fara kawowa fada, kuma tun daga wancan zamani ba a busa shi don talaka, komai dukiyarsa. Har yau a manyan masarautu mabusa kan taru a ƙofar fada daren Juma'a su yi wa sarki busa. Sai dai a ƙarni na ashirin wani ƙahon ya shigo ƙasar ta wata hanya dabam. Ya biyo sojan Turawa da majami'a da makarantar boko, kuma a cikin 'ya'yan Hausawa da suka riƙe shi sana'a, da wuya a sami wanda ya kai Bala Miller suna.

An haifi Bala Miller a shekarar 1928 a Fankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa mutumin Zazzau ne, limamin majami'ar Angilika, yana cikin rukunin farko na Hausawan da suka karɓi addinin Kirista. Duk wanda ya ji sunan Miller a Zariya, Likita Walter Miller zai tuna, Baturen mishan na ƙungiyar CMS wanda ya zauna cikin birnin tun farkon mulkin Turawa, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a wajajen 1929, wanda kuma ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932. Wannan ƙaramar al'umma ta Wusasa ta fitar da likitoci da malamai da ma'aikatan gwamnati fiye da yadda yawanta zai sa a zata. Hausa ce harshen gidanta, da Hausa take ibada, kuma a majami'arta ake koyon waƙa da rubutaccen kari da muryoyi huɗu, abin da babu shi a tsarin makaɗan gargajiya.

Aikin mahaifinsa ya kai iyalin Lakwaja, inda Bala ya taso yana jin kiɗan majami'a, daga nan ya wuce Legas ya shiga makarantar CMS Grammar School, wadda aka kafa tun 1859. A can ne ya ƙware a busa ƙahon tagulla na Turawa. Hausawa sun riga sun san irin wannan kiɗa, har sun ba shi suna: badujala, wato kiɗan ganguna da busar begila na soja da 'yan sanda a wajen fareti. Amma badujala kiɗan tafiya ne da tsayuwa bisa oda. Abin da Bala ya tarar a Legas kiɗan rawa ne, wanda ake kira hailaif, wanda ya tsiro a gaɓar Gana daga haɗuwar kiɗan badujala da waƙoƙin 'yan ƙasa da jaz na baƙaƙen fatar Amurka. A shekarun 1950 E. T. Mensah na Gana ya riƙa kawo ƙungiyarsa Nijeriya, Bobby Benson yana jagorantar tasa a Legas, Victor Olaiya ya fito da Cool Cats a 1954. Mai ƙaho shi ne jagora a yawancin waɗannan ƙungiyoyi. Bala ya yi busa a ƙungiyar Samuel Akpabot, amma da dare kawai, domin da rana ma'aikacin kamfani ne a sashen talla da saye da sayarwa. Ya daɗe a haka, ƙafa ɗaya a ofis ɗaya a dandali.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ya bambanta shi da Shata da Ɗan Maraya da Narambaɗa. A tsarin zaman Hausawa na da, kiɗa sana'ar gado ce ko ta mai neman abinci, kuma makaɗi maroƙi ne: yana yabo, ana yi masa kyauta, darajarsa tana rataye da ubangidansa. Ɗan malami ko ɗan ma'aikaci ba ya shiga wannan sana'a sai da ja-in-ja da dangi. Bala Miller ya zo da wani fasali. Ba ya wasa kowa, ba ya jiran a yi masa liƙi kafin ya ci abinci. Mai son ji ya sayi tikiti a ƙofa, ko hukuma ta yi jinga da shi a rubuce, shi kuma ya biya yaransa albashi. Wannan sauyi na dangantakar makaɗi da mai sauraro ya fi sauyin kayan kiɗa girma, ko da yake shi ne aka fi mantawa da shi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya lagon hailaif a Legas, saboda da yawa daga manyan makaɗansa mutanen Gabas ne da suka koma gida. Gurbin da suka bari sai kiɗan juju da kiɗan sol na Amurka suka cike shi. James Brown ya zo Nijeriya a ƙarshen 1970, Fela Kuti kuma, wanda shi ma ƙaho ya karanta a Kwalejin Trinity ta Landan, ya dawo daga Amurka da salon da ya kira afrobit. Salon fank da Brown ya yaɗa ya juyar da aikin masu busa. A hailaif ƙaho ne ke ɗauke da karin waƙa, yana jansa a hankali. A fank kuwa masu busa sukan haɗu su saki gajerun sauti a tare, kamar bugun ganga, ana dafa bugun farko na kowane zagaye da ƙarfi, jita da gangar ƙasa suna maimaita abu guda ba gajiya. Daga bisani a buɗe wa mai ƙaho fili ya ƙirƙiro nasa nan take, wanda shi ne gadon jaz. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tsari, tunda kusan haka jagora da 'yan amshi suke yi a gaban kalangu.

A farkon shekarun 1970, zamanin da Audu Bako yake gwamnan Jihar Kano (1967 zuwa 1975), Bala Miller ya yi aikin kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Tunanin da ke bayan wannan shi ne a sami 'yan Arewa da za su iya karanta rubutaccen kiɗa su kuma riƙe kayan busa na zamani, maimakon a riƙa ɗauko makaɗa daga Kudu ko daga Gana duk lokacin da gwamnati ke da biki. Sai kuma bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 a Legas, aka kuma yi babban hawan daba a Kaduna. Bala yana cikin waɗanda suka yi aikin shirya kiɗan bikin, kuma a wannan shekara ce ya kafa ƙungiyar da ta ɗaukaka sunansa, The Great Music Pirameeds of Afrika, mai mazauni a Kaduna. Yana da shekara 49 a lokacin, shekarun da wasu makaɗan ke tunanin ajiye kaya. Kalmar dala da ke cikin sunan ƙungiyar tana iya tuna wa mutumin Arewa dalar gyaɗa ta Kano, kamar yadda take tuna wa wani dalar Masar.

Wurin da aka fi danganta wasanninsa da shi shi ne Costain Club a Kaduna. Kaduna ta lokacin gari ne na ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja da ma'aikatan masaƙu da na jirgin ƙasa, mutane daga kowane lungu na Arewa da ma Kudu, waɗanda Hausa ce ta haɗa su a kasuwa ko da ba ita ce harshen iyayensu ba. Irin wannan taro ne ya dace da babbar ƙungiya mai jerin masu busa da 'yan amshi da masu jita da ganguna. A shekarun 1980 kuma sai wasan ya fita daga kulob ya shiga ɗakunan mutane ta shirin talabijin na Bala Miller Show, wanda tashar NTA ta riƙa nunawa a faɗin ƙasa. A zamanin da gida ɗaya ke da akwatin talabijin unguwa ta taru a kansa, wannan ba ƙaramin dandali ba ne. Mutanen Legas da Inugu da yawa a nan suka fara ganin ana rera Hausa a gaban kayan kiɗan da suka saba da su.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce “Ikon Allah”, wadda take cikin faifan ƙungiyar na 1979. Sunan kaɗai ya isa nazari. Kalma ce da ke bakin kowane Bahaushe idan ya ga abin mamaki ko abin da ya fi ƙarfinsa, Musulmi ne ko Kirista, domin dukansu Allah suke kira da Hausa. Ɗan limamin majami'a ya ɗauki lafazin da ba wanda zai ce ba nasa ba ne, ya ɗora shi a kan kiɗan rawa.

Ɗora Hausa a kan irin wannan kiɗa ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ɗalibin harshe ya fi kowa sanin dalili. Hausa harshe ne mai karin sauti, sama da ƙasa da faɗuwa, ga kuma dogon wasali da gajere, kowanne yana iya sauya ma'ana. Kakaki dogon bututu ne na ƙarfe, ba rami ba maɓalli, sautin da yake bayarwa bai fi biyu zuwa uku ba, amma wannan ya ishe shi kwaikwayon hawa da saukar magana, shi ya sa mai kunne yake jin kirarin sarki a cikin busar. Ƙahon Turawa yana da maɓallai uku da suke ba shi dukkan matakan sauti, sai dai karin da aka gina shi a kai ba ya la'akari da karin kalma. Mai waƙar Hausa da ya bi karin kiɗan ido rufe zai iya ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, ko ya ɗaga wadda ya kamata ta sauka, maganar ta fita kamar ta baƙo. Wanda ya taso da waƙoƙin majami'a na Hausa ya san wannan matsala tun yana yaro, tunda yawancinsu fassara ce da aka cusa cikin karin Ingila. Mafita ita ce a fara da jimlar Hausa, a bar karin ya biyo ta, masu busa kuma su amsa a inda murya ta numfasa. Wanda ya saurari faifan da wannan a ransa zai amfana fiye da wanda rawa kawai ya zo yi.

Abin da ya kawo ƙarshen zamanin manyan ƙungiyoyi kuɗi ne kafin komai. Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, kayan busa kuwa duk daga waje ake sayo su, kuma ciyar da mutum goma sha wani abu a kowane dare ya fi ƙarfin kuɗin ƙofa. A daidai lokacin ne fiyano mai lantarki ya shigo, wanda yaro ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da sautin ganga da jita da ƙaho gaba ɗaya. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano daga 1990, a kan wannan na'ura aka gina waƙoƙinsu, kuma karin Indiya suka fi bi. Hanyar da Bala Miller ya share, ta Hausa a kan busar tagulla ta gaske, ba ta sami magada da yawa ba. Ana iya cewa shi ma yana da nasa rabon a cikin wannan: kiɗan kulob ne, wurin da ake sayar da barasa, kuma akasarin Hausawan birni da ƙauye ba sa taka irin wannan wuri, don haka tushensa a cikin jama'a bai yi zurfin na Shata ba.

Duk da haka akwai gyara a yadda ake koyar da tarihin waƙar Hausa. An saba kasa makaɗa zuwa na fada da na jama'a da na sana'a da na maza, sa'an nan a tsallako kai tsaye zuwa mawaƙan fim da na siyasa, kamar babu komai a tsakani. A tsakanin nan ne Bala Miller yake, tare da ƙungiyoyi irin su Sahara All Stars ta Jos. Ba su shiga rabe-raben ba ne saboda ma'aunin ubangida da roƙo aka yi amfani da shi, su kuwa ba su da ko ɗaya.

A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, wanda aka gabatar a matsayin labarin kiɗan fank na Legas. A cikinsa, kusa da Fela da Tony Allen da Victor Uwaifo, akwai “Ikon Allah” ta ƙungiyar Kaduna. Ta wannan hanya ce masu tara tsofaffin fayafayai a Turai da Amurka da Japan suka san sunansa, da yawansu ba su san da wane harshe ake waƙar ba. Bala Miller ya rasu a 2003, yana da kimanin shekara 75.