Dakar Desert Rally: Wasan bidiyon da ke ɗauke da sunan birnin Afirka, amma filinsa Saudiyya

Dakar Desert Rally wasan bidiyo ne na tseren motoci a hamada, wanda ya fito ranar 4 ga Oktoban 2022. Kamfanin Saber Porto na ƙasar Fotugal ne ya ƙirƙire shi, uwar kamfanin Saber Interactive kuma ta sa shi a kasuwa. Ana buga shi a kwamfuta da na'urorin PlayStation 4 da 5 da Xbox One da Xbox Series. Shi ne wasan da ke da lasisin gasar Dakar, wadda kamfanin Amaury Sport Organisation na Faransa ke shiryawa a kowace Janairu. Ko da yake sunansa na babban birnin Senegal ne, taswirarsa ta hamadar Saudiyya ce, kuma dalilin hakan yana cikin tarihin gasar da siyasar da ta yi ta sauya mata mazauni.

Yadda ake buga shi

Wasan ya ɗauko zangunansa da motocinsa da sunayen direbobinsa daga gasannin 2020 da 2021 da 2022. Ababen hawan sun kasu gida biyar: ƙananan motoci, babura, manyan motoci, babura masu ƙafa huɗu, da ƙananan motocin yashi masu kujera biyu. Kamfanin ya ce faɗin filin ya haura murabba'in kilomita 20,000, inda ake cin karo da tuddan rairayi da kwazazzabai da guguwar ƙura da ruwan sama.

Matakan wahalarsa uku ne. A matakin Sport, alamomi na bayyana a allo suna nuna wa ɗan wasa hanya, kuma zangunan gajeru ne. A matakan Professional da Simulation ana dogara ne da littafin hanya, kamar yadda ake yi a gasar zahiri. Kowane layi na littafin yana da gida uku: nisan da aka ci, zanen mahaɗa ko alamar ƙasa, sai bayanin gargaɗi da alƙiblar da za a fuskanta, a lissafin digiri 360. Alamar motsin rai guda ɗaya na nufin ƙaramin haɗari, uku kuma na nufin haɗarin da ka iya halaka mota. Wanda ya tsallake ɗaya daga wuraren da aka wajabta ratsawa, ana ƙara masa lokaci a matsayin tara. Saboda haka mai gudu sosai na iya shan kaye a hannun wanda ya natsu ya karanta hanya.

Wannan ne wasan Dakar na biyu daga hannun ma'aikatan. Na farko shi ne Dakar 18, wanda suka fitar a 2018 a ƙarƙashin tsohon sunansu, Bigmoon Entertainment, bisa gasar da aka yi a Peru da Bolibiya da Ajantina. Masu sharhi sun rabu a kan sabon: an yaba kyawun fili da tsarin neman hanya, an kuma koka da kurakuran manhaja da yadda wasu ababen hawan ke wuyar sarrafawa.

Asalin gasar da alaƙarta da Nijar

Bafaranshe Thierry Sabine ne ya assasa gasar, bayan ya ɓata a Sahara a kan babur a 1977, lokacin tseren Abidjan zuwa Nice. Ranar 26 ga Disambar 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Faris, suka ratsa Aljeriya da Nijar da Mali da Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau. Guda 74 kaɗai suka isa Dakar a Janairun 1979, bayan tafiyar kusan kilomita 10,000.

Agadas da hamadar Tenere sun zama zuciyar gasar na tsawon shekaru, har aka yi wa ta 1997 laƙabi da Dakar–Agadas–Dakar. Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairun 1986, kuma a gindin wata bishiya a Tenere aka watsa tokar gawarsa. Zuwan ayarin na kawo ciniki ga masu masauki da makanikai da 'yan jagora na Abzinawa, amma na 'yan kwanaki ne kawai. A ɗaya gefen, mazauna ƙauyukan da ke kan hanya sun yi ta rasa rayuka. A gasar 2006 kaɗai, motoci sun kashe yara maza biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Masu suka sun daɗe suna kallon gasar a matsayin baje kolin dukiyar Turai a tsakiyar wasu daga cikin ƙasashe mafiya talauci.

Matsalar tsaro ce ta raba gasar da nahiyar. A 2000, barazanar hari ta sa aka soke zangunan Nijar, aka kwashe motoci ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya. A Janairun 2008 aka soke gasar ɗungurungum ana jajibirin farawa, bayan kisan Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a kusa da Aleg ta Muritaniya da kuma barazanar mayaƙa masu alaƙa da Alƙa'ida. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi ta a Kudancin Amurka, sannan ta koma Saudiyya a 2020. Tseren da ya ci gaba da ƙarewa a Dakar shi ne Africa Eco Race, wanda ke bi ta Maroko da Muritaniya, sai dai bai kai gasar asali shahara ba.

Siyasar da ke bayan taswira

An sanar da komawar gasar Saudiyya a Afrilun 2019, wata shida bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasar da ke Istanbul. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam, ciki har da Human Rights Watch, sun zargi masarautar da amfani da wasanni wajen wanke sunanta. Sun yi nuni da cewa mata direbobi na fafatawa a gasar alhali Loujain al-Hathloul, wadda ta yi gwagwarmayar ba mata damar tuƙi, na tsare. An yanke mata hukunci a ƙarshen Disambar 2020, kwanaki kaɗan kafin gasar 2021, aka kuma sake ta a Fabrairun shekarar. Hukumomin Saudiyya sun musanta zargin wanke suna, suna cewa wasanni da yawon buɗe ido wani ɓangare ne na shirin Vision 2030 na rage dogaro da man fetur.

Kuɗin masarautar sun shiga harkar wasannin bidiyo ma. A Yunin 2022, kamfanin Savvy, mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, ya sayi kimanin kashi 8 cikin 100 na hannun jarin Embracer Group na Sweden a kan kusan dala biliyan 1. Embracer ne mamallakin Saber a lokacin, kafin ya sayar da shi a 2024. Wurin da wasan ke gudana ya biyo lasisin gasar ne, amma sakamakonsa ya dace da burin ƙasar: tsaunukan AlUla da gaɓar Bahar Maliya da rairayin Rub'ul Khali sun shiga ɗakunan matasa a faɗin duniya, musamman bayan shagon Epic Games ya raba wasan kyauta na mako guda a Fabrairun 2024.

Abin da wasan ya bari a waje

Hamadar da ke cikin wasan fili ne na gwajin injin da juriyar direba. Motar da ta kife ana gyara ta a sake lale, abin da gasar zahiri ba ta bayarwa: ɗan tseren babur na Fotugal, Paulo Gonçalves, ya mutu a zango na bakwai na gasar 2020, ɗaya daga cikin shekarun da wasan ya kwaikwaya. Haka kuma muhawarar da aka yi a kan lalacewar ƙasa da wuraren tarihi, wadda masana kayan tarihi na Chile suka tayar lokacin da gasar ke can, ba ta da gurbi a cikinsa.

Daga baya an ƙara wa wasan taswirar Amurka da tsofaffin motocin da suka yi suna a zamanin gasar Afirka, waɗanda ake saya daban. Hanyoyin da waɗannan motoci suka bi ta Agadas da Gao da Bamako kuwa ba su shiga ba. Matashin da ya san Dakar ta wannan wasa kaɗai zai iya kammala shi ba tare da ya san cewa an yi kusan shekara talatin ana gudanar da gasar a Afirka ba.