Sarauniya Amina: tarihinmu a bakin wasu

Jiya da dare a ɗakinmu a Anguwan Rukuba muka sake kallon fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a 2021. Da aka nuno Ali Nuhu sai ɗaki ya ɗauki ihu, don shi ma a Jami'ar Jos ya yi karatu. Ana cikin haka wani abokinmu ɗan Kudu ya tambaye mu: "Wai da gaske an yi ta?" Wallahi mu huɗu 'yan Arewa muka yi tsuru-tsuru.

Kunya ta sa na yi bincike. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya ce yaƙinta ya kai Katsina da Kano, kuma a Atagara ta rasu. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce shekara 34 ta yi tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata goro 10,000. Wasu masana kuma sun ce a ƙarni na 16 ta rayu.

Abin da aka rubuta kaɗan ne, ragowar a bakin kakanni yake. Wale Ogunyemi ya yi mata wasan kwaikwayo da Turanci, fim ɗin ma da Turanci. Ban ga laifinsu ba, mu ne muka yi sake.

In kun je hutu, ku tambayi tsofaffi labarin ganuwar Amina, ku naɗa a waya tun suna raye.