Na Farko A Gidansu

A kowace ƙasa da a ke karatun zamani akwai wani irin yaro wanda wahalarsa ba ta cika fitowa fili ba. Shi ne yaron da ya gama makarantar sakandare, ga shi da basira, ga son ci gaba, amma a gidansu babu wanda ya taɓa taka ƙofar jami'a, ba uba, ba uwa, ba wa. In ya tambayi ubansa wace jami'a ce ta dace da shi, ko yaushe a ke rufe karɓar takardun neman shiga, ko ina a ke neman taimakon kuɗi, sai uban ya sa masa albarka, don iyakar abin da ya ke da shi ke nan. Ɗan likita kuwa tun yana ƙarami ya ke jin waɗannan zantuka a tsakar gida, bai ma san karatu ya ke ɗauka ba.

Mutanen Amurka sun yi shekara fiye da ɗari da hamsin suna fama da sha'anin wannan yaro. Sun daɗe suna tsammanin in an gina makaranta, an biya kuɗi, magana ta ƙare. Sai da tafiya ta yi nisa suka gane akwai sauran aiki.

Jami'arsu ta farko, watau Harvard, an kafa ta cikin 1636. Ita da waɗanda suka biyo ta, aikinsu shi ne koyar da Latin da Girkanci da ilmin addinin Kirista, yawancin masu shiga kuwa 'ya'yan masu hali ne da za su zama limaman coci ko lauyoyi. Haka aka yi ta tafiya har aka sami wani ɗan majalisa daga jihar Vermont, sunansa Justin Morrill. Shi ɗan maƙeri ne, yana da shekara 15 ya bar makaranta ya zama yaron kanti. Shi ya kawo dokar da Shugaba Lincoln ya sa wa hannu ran 2 ga Yuli, 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa. Dokar ta ba kowace jiha fili eka 30,000 saboda kowane wakili da ta ke da shi a majalisar ƙasa, a sayar, a sa kuɗin a kafa kwalejin da za ta koyar da aikin gona da na ƙere-ƙere, don 'ya'yan manoma da masu sana'a. Ya kamata dai a faɗa, yawancin filayen nan daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe su, waɗanda Turawa suka tarar, watau an yi kyauta ne da kayan wani. Jihohin kudu kuma suka hana baƙar fata shiga, sai da aka yi wata doka cikin 1890 aka kafa musu nasu kwalejojin dabam.

To, ga kwaleji an gina, amma wa zai shiga? A 1900, cikin kowane yara ɗari kamar shida ne ke gama sakandare. Sai wajen 1940 adadin ya kai rabi.

Abin da ya jijjiga al'amarin sosai yaƙi ne. Amurkawa kamar miliyan 16 suka yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma kuwa tana tsoron ranar da za su dawo su tarar ba aiki. Ba ta manta da 1932 ba, sa'ad da tsofaffin sojojin yaƙin farko suka yi sansani a Washinton suna neman haƙƙinsu, har aka sa soja suka kore su. Saboda haka ran 22 ga Yuni, 1944, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da su ke kira G.I. Bill. Duk sojan da ya dawo, in yana son karatu, gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ta kuma ba shi dala 50 a wata na abinci, in mai iyali ne dala 75.

Waɗansu manyan malamai ba su so ba. Shugaban jami'ar Shikago, Robert Hutchins, ya yi gargaɗi cewa jami'o'i za su koma matattarar 'yan yawon banza. James Conant na Harvard shi ma ya yi shakka. Da sojojin suka zo, sai aka ga akasin haka, suka zama su ne masu naciya da natsuwa a aji, har Conant ya yarda da bakinsa daga baya. Cikin 1947 kusan rabin 'yan jami'a na ƙasar duka tsofaffin sojoji ne, kafin dokar ta ƙare kuwa sama da miliyan 2 sun shiga kwaleji ko jami'a ta hanyarta. Da yawansu su ne na farko a gidajensu. Nan aka karya camfin nan na cewa basira gādo ce ta gidan masu kuɗi. Amma sojoji baƙar fata na kudu ba su ci moriyar dokar kamar sauran ba, domin jami'o'in Turawa ba su karɓarsu, nasu kuwa sun cika har ana mai da mutane gida.

Sai dai tsohon soja babban mutum ne. Ya ga duniya, ya saba da cika takarda da tsayawa gaban ofis. Yaro ɗan shekara 14 a ƙauye ko a unguwar talakawa ba haka ya ke ba, kuma a wannan shekarar ce a ke yanke masa hukunci bai sani ba. A sakandaren Amurka yaro ya kan zaɓi darussan da zai ɗauka. In ya kauce wa lissafi mai wuya da kimiyya don babu mai gaya masa amfaninsu, ran da ya zo neman jami'a sai a ce bai cika sharaɗi ba. Ko da an tara masa dala dubu a lokacin, ba ta da amfani.

Wanda ya juyo da hankalin gwamnati kan wannan yaro shi ne Shugaba Lyndon Johnson. Cikin 1928, yana ɗan shekara 20, kuɗin karatu suka yanke masa, ya dakata ya tafi wani ƙaramin gari, Cotulla, a jihar Teksas, ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko. Da ya zama shugaba ya yi shelar yaƙi da talauci, aka yi doka kan haka cikin 1964. Ran 8 ga Nuwamba, 1965, ya koma tsohuwar kwalejinsa a garin San Marcos, can ya sa hannu a babbar dokar ilmi mai zurfi. A jawabinsa na ranar ya tuna yaran Cotulla, ya ce bai manta da zafin da ya ji ba da ya gane kusan dukansu ƙofar kwaleji a rufe ta ke gare su saboda talauci.

Daga dokar 1964 aka sami shirin da a ke kira Upward Bound, watau masu haramar hawa sama. An fara gwada shi da hutun bazara na 1965 da yara kamar 2,000, a kwalejojin da ba su kai ashirin ba. Dabararsa ba ta da wuyar ganewa. A kan ɗauki yaro tun yana sakandare, da hutu ya zo sai a kai shi jami'a ya zauna kamar mako shida. Ya kwana a ɗakin kwanan ɗalibai, ya ci abinci inda su ke ci, ya shiga ɗakin karatu, a koya masa lissafi da kimiyya da rubutu. In an koma makaranta ba a sake shi ba, a kan yi masa ƙarin darasi da yamma ko ran Asabar, a duba darussan da ya zaɓa, a shirya shi jarrabawar shiga, a zauna da shi a cika takardu, a kan kuma ba shi ɗan abin kashewa. Haka za a yi ta yi shekara uku ko huɗu.

Ni a ganina kwanan nan na mako shida ya yi kusan kai darussan amfani. Yaron da bai taɓa ganin jami'a ba, a ransa wani gari ne na waɗansu mutane. Amma in ya kwana cikinta, ya san hanyar ɗakin cin abinci, ya yi wa babban malami tambaya ya ga ba a kore shi ba, to, ta daina ba shi tsoro. Da ɗan gari a kan ci gari, aikin shirin shi ne ya samo wa baƙo ɗan gari.

Dokar 1965 ta ƙara shiri na biyu, na neman yara masu basira a ba su shawara. Cikin 1968 aka ƙara na uku, na tallafa wa waɗanda suka riga suka shiga jami'a, don an lura shiga dabam, gamawa dabam. Ukun nan aka haɗa aka kira su TRIO, ma'anarsa uku, sunan kuwa ya bi su ko da ya ke daga baya sun ƙaru. Wajen kuɗi kuma, cikin 1972 aka kafa tallafin da ba a biya, wanda aka sa wa sunan Sanata Claiborne Pell cikin 1980.

A wannan shekara ta 1980 aka yi wani gyara wanda bai yi ƙara ba, amma shi ne ainihin zancenmu. Majalisa ta rubuta cikin doka cewa akwai ɗalibin da a ke kira na farko a gidansu, watau wanda babu ko ɗaya cikin iyayensa da ya sami digiri na farko. Aka ce aƙalla kashi biyu cikin uku na yaran da a ke ɗauka a shirin su zama 'ya'yan talakawa kuma na farko a gidajensu. Ka ga nan hukuma ta amsa cewa rashin wanda ya san hanya wani rashi ne mai zaman kansa. Ma'aunin kuma ya haɗa ɗan mai haƙar kwal Bature da ɗan baƙar fata da ɗan baƙon da ya zo daga Meziko, bai dubi launi ba.

Shin shirin ya yi amfani? An yi gardama mai zafi. Gwamnati ta sa wani kamfanin bincike, Mathematica, ya bi sawun yara shekara da shekaru, rahotonsa na ƙarshe ya fito cikin 2009 ya ce in an haɗa duka, bai ga wani bambanci ba wajen shiga jami'a tsakanin waɗanda suka shiga Upward Bound da waɗanda ba su shiga ba. Sai waɗansu ma'aikatan ma'aikatar ilmi da kansu suka ce ba su yarda ba. Suka nuna cewa cikin wurare 67 da aka auna, wuri guda an ba shi nauyin kamar rubu'in lissafin duka, in an cire shi sai amfanin ya bayyana. Suka kuma ce yaran da aka gwada da su, da yawansu sun sami irin wannan taimako ta wata hanya.

Akwai wani gwaji da ya fi wannan fitowa sarai. Duk mai neman tallafin gwamnati sai ya cika wata takarda da a ke kira FAFSA, wadda a lokacin tana da tambaya sama da ɗari. Cikin 2008 waɗansu malaman jami'a suka haɗa kai da kamfanin H&R Block, mai taimaka wa mutane cika takardun haraji, a jihohin Ohio da North Carolina. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi da suka zo, aka kasa su. Waɗansu aka gaya musu yawan tallafin da ɗansu zai iya samu, aka sallame su. Waɗansu kuwa aka zauna da su aka cika takardar nan take, aikin da bai wuce minti goma ba, don yawancin amsoshin suna cikin takardar harajin. Waɗanda aka yi wa bayani kawai, ba a ga wani canji gare su ba. Waɗanda aka cika wa, cikin kowane yara ɗari, 36 suka yi shekara biyu a kwaleji, maimakon 28. Kuɗin nan da ma suna ajiye, haƙƙin yaran ne, takarda ce ta tsaya tsakani.

Wata mata kuma a birnin New York, Deborah Bial, ta lura da wani gefen. Wani yaro mai ƙoƙari da ya bar jami'a ya gaya mata da yana tare da abokansa da bai bari ba. Cikin 1989 ta kafa ƙungiyar Posse, ta tura yara biyar tare zuwa jami'ar Vanderbilt. Daga baya aka riƙa tura su goma goma, a horar da su tun kafin su tafi, don in kewar gida da baƙunta sun taso wa ɗaya, ya sami wanda zai gaya wa.

Kada mai karatu ya zaci an gama. Tsadar karatu ta tsere wa tallafin Pell: wajen 1975 mafi girmansa ya kan biya fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin jami'ar gwamnati, amma cikin 2023, da ya kai dala 7,395, da ƙyar ya ke biyan kashi ɗaya cikin uku. Sauran sai bashi, yaron da ba shi da mai ba shi shawara kuwa shi ya fi saurin cin bashin da zai dame shi. A Yuni na 2023 kotun ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, abin da ya sa ma'aunin nan na 1980 ya ƙara daraja.

Shirin TRIO kansa ya sha tsallake rijiya da baya. Cikin 2005 gwamnatin Shugaba Bush ta nemi a soke Upward Bound, majalisa ta ƙi. Cikin 2025, lokacin shirye-shiryen suna kula da mutum sama da 800,000 a shekara da kuɗi kamar dala biliyan 1.2, gwamnatin Shugaba Trump ta kawo shawarar a daina ba su kuɗi gaba ɗaya, ta ce zamaninsu ya wuce, jami'o'i su ɗauki nauyin da kansu. A Yuli na shekarar kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa, da 'yan jam'iyyun nan biyu duka, ya ƙi shawarar, ya bar kuɗin yadda su ke.