Sinanci a makarantunmu: abin da birnin Zazzau ya riga ya gani

1/ A Satumban 2025 aka sanar da cewa an saka Sinanci, wato yaren 'yan Caina, cikin manhajar manyan makarantun sakandare na Najeriya, a matsayin zaɓi kusa da Larabci da Faransanci. Na ga ana ta cacar baki, wasu na murna, wasu na cewa an sayar da mu. Ni dai bari in ɗan kai ku cikin birnin Zariya, don wannan ba shi ne baƙon harshe na farko da ya yi mana sallama ba.

2/ Larabci ne ya fara. Babu gwamnatin da ta yi doka, babu takardar da aka rarraba. Malami ne ke zaune a zaure kan buzu, ɗalibi ya zo da littafinsa ya biya, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma. Unguwar Juma da Limancin Kona sun yi suna da wannan tun kafin zuwan Turawa, musamman a fannin nahawu da lugga.

3/ Har mutane ke barin garuruwansu su zo Zazzau su yi shekaru don nahawu kawai. Ku lura da abu biyu: malamin ɗan gida ne, kuma da Hausa yake buɗe maka Larabcin. In ya rasu, akwai almajirinsa da zai hau buzun. Shi ya sa har yau bayan asuba za ka ji ana biya karatu a waɗannan zaurukan.

4/ Sai Turanci. Likita Mila, ɗan mishan, ya zauna cikin birni a 1905 ya buɗe makaranta. Mutanen gari ba su sake da shi ba, kuma kowa ya san dalili: sun ga addini ne a bayan allon. A 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, can bayan ganuwa.

5/ Boko bai zauna da gindinsa ba sai da aka bi ta Hausa. A Zariya Dokta Rupert East ya riƙe hukumar fassara da talifi a shekarun 1930, a nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939. Yaro ya fara iya karatu da bakin uwarsa, sannan ya hau Turanci. Da kwalejin da muke kira Barewa ta dawo Zariya a 1949, ta tarar an share mata fili. Ga kuma aikin En'e da na gwamnati suna jiran wanda ya iya.

6/ Na uku shi ne wanda ya kamata ya ba mu tsoro. A 1996 Janar Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, manufar ilimi ta 1998 ta sa shi dole a ƙananan azuzuwa. Doka kam an yi. Malamai fa?

7/ A makarantar da na yi, shekara uku Faransanci na kan jadawali, malamin zango ɗaya ya yi aka ɗauke shi. Lokacin darasinsa ya zama lokacin cin gyaɗa. Kuma fa Maraɗi na nan kusa, ba Bejin ba ce.

8/ To yanzu Sinanci. Maganar gaskiya, amfaninsa ba abin musu ba ne. Kamfanin CCECC ne ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, shi ne kuma kan na Kaduna zuwa Kano da zai ratsa Zariya. ABU na da yarjejeniya da jami'ar Central South da ke Changsha: ɗaliban injiniya su yi shekara 3 a Samaru, 2 a Sin. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sarin kaya, da yawansu da kalkuleta da nunin yatsa suke ciniki, ko su biya tafinta wanda ba su san me yake faɗa a kansu ba.

9/ Wani abin da ba kowa ya sani ba: su Sinawa sun riga mu. Tun 1963 rediyon Sin ke watsa shiri da Hausa, shekara 8 kafin Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da su a 1971. A Bejin akwai jami'ar da ake karanta Hausa har digiri. In ka ji Basine na rangaɗa Hausa a rediyo, ba tsintuwa ya yi ba, zaunar da shi aka yi aka koya masa.

10/ Mu kuma? Cibiyoyin Confucius biyu da aka fara buɗewa a ƙasar nan, ta jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka da ta jami'ar Legas, duka a Kudu suke. Harshen nan kuwa ba na wasa ba ne, sai ka haddace haruffa dubbai kafin ka karanta jarida. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne karin sauti: su ma murya na canza ma'anar kalma, kamar yadda muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan.

11/ Amma wata biyu kacal bayan sanarwar Sinancin, a Nuwamban 2025, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, aka ce Turanci zalla. Ke nan yaron Kwarbai ko Kaura zai koyi Sinanci ta bakin Turancin da shi ma bai gama kama shi ba, daga malamin da wataƙila bai jin Hausa.

12/ Zariya na da ABU, tana da tsohuwar FCE da ta zama jami'ar ilimi. In da gaske ake, nan za a fara: a horar da 'yan gida su zama malaman Sinanci, a rubuta littafin koyo da ƙamus na Sinanci da Hausa kai tsaye. Waɗancan ɗaliban injiniya da suka dawo daga Changsha ma, a neme su, sun riga sun sha wuyar haruffan.