Style: Kalmar da Ta Fito daga Bakin Alƙalami

Kalmar Turanci style, wadda manazarta adabin Hausa ke kira salo, asalinta sunan abin rubutu ne. Rumawa suna da wani tsinke na ƙarfe ko na ƙashi, da Latin sunansa stilus. Da tsininsa ake zana haruffa a kan allon katako da aka shafe da kakin zuma. Ɗaya bakin kuwa mai faɗi ne, da shi ake goge kuskure. Shi ya sa idan suka ce a juya tsinken, gyara suke nufi. Tun zamanin Cicero, marubucin Rumawa, a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sunan tsinken ya soma ɗaukar ma'anar yadda mutum ke sarrafa zance. Ta Faransanci kalmar ta bi ta shiga Turanci wajen shekarar 1300. Harafin y da ke cikinta kuskure ne ya haife shi: an zaci danginta stylos ne, kalmar Girkanci mai nufin ginshiƙi.

Duk wanda ya san tsangayun Ƙaraye da Rogo, wannan tarihi ba zai ba shi mamaki ba. A can almajiri kan fiƙe alƙalaminsa daga kara, ya tsaga bakin, ya tsoma a tawadar gawayi da ƙaro. Yadda aka fiƙe bakin shi ke sa harafi ya yi kauri ko ya sirance, har alaramma kan gane allon wane ne tun bai tambaya ba. Ita kanta kalmar alƙalami daga Larabci take, Hausa ta haɗe ta da "al" ɗinta kamar yadda ta yi wa alƙali da albasa. Larabci kuma daga Girkanci ya samo ta, kalamos, wato kara.

Salo kuwa hanyarsa daban. Bahaushe ya san salon kiɗa da na ɗinki da na tafiya tun kafin a kai kalmar aji. Malaman jami'a irin su Abdulƙadir Ɗangambo ne suka tsayar da ita a fagen nazarin waƙa, Abdullahi Bayero Yahya kuma ya keɓe mata littafi guda, Salo Asirin Waƙa, a 2001. Zaɓin nasu ya yi daidai, domin adabin Hausa a baki ya fara kafin ya hau takarda.